Dokin da Ya Daina Haniniya

A ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni, da an gama girbi sanyi ya fara sauka, ɗakin kakata Dada ne matattararmu. In an idar da magariba an ci tuwo, sai ta tura kara biyu ko uku a murhu, ta binne gyaɗa a toka, mu jikokinta mu kewaye ta. Ɗakin kullum ƙanshin hayaƙi da man shanu yake yi. Dada ita ta haifi babanmu. 'Yar makiyaya ce, ta tashi a rugar da ake kiwon goɗiyoyi tare da shanu, shi ya sa da wuya ta yi tatsuniyar da babu doki a ciki. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta ɗaga hannu kamar ta cafke wani abu a iska, ta ce, "Ta zo wucewa na kama muku ita." Mu kuma mu haɗa baki, "Sake ta mu ji, Dada."

Akwai guda ɗaya da nake tsoro, kuma ni ne mai nacin a yi ta.

Wai an yi wani mutum, Jatau, wanda ba a taɓa kawo masa dokin da ya gagare shi ba. Kwana uku yake yi da duƙushi, a na huɗu ko yaro ya hau. Wata rana da la'asar sai ga wata tsohuwa da ba wanda ya san daga inda ta fito, tana jaye da wani doki baƙi wuluk. Ko ragama babu, da gezarsa ta riƙe shi. Ta ce Jatau ya horar mata da shi, komai daɗewa za ta jira. Sharaɗinta ɗaya ne: kada ya taɓa shi da bulala.

Kwana uku doki ya ƙi sirdi. Aka yi kwana bakwai, mutane suka fara taruwa suna dariya, wai Jatau ya gamu da ubangidansa. A rana ta takwas ya ja dokin bayan gari inda ba mai gani, ya yi masa dabaibayi, ya dake shi har bulala ta tsinke. Washegari aka ɗaura sirdi, aka sa linzami, doki ko gezau. Gari ya ɗauki yabon Jatau.

Da tsohuwa ta dawo, sai ta kira dokin da sunan da take kiransa. Bai juyo ba, bai yi haniniya ba. A nan Dada kan sassauta murya har sai mun matso: "Jatau, doki na ba ka. Ina wanda yake cikin fatar nan?" Jatau ya ce ai ga shi nan a gabanta. Ta ce, "Wannan riƙe shi, naka ne. Nawa yana can inda ka bar shi, kuma zai neme ka." Ta juya ta tafi. Tun daga ranar, duk sa'ad da Jatau ke tafiya shi kaɗai sai ya ji takun kofato a bayansa. In ya tsaya, taku ya tsaya. In ya waiwaya, ba kowa. Ya bar garin ya koma wani, ya sake barin wancan, taku na biye da shi.

"Sai me ya faru, Dada?"

"Shi ke nan, ta kuɓuce mini."

"Ai ba a gama ba!"

"Kai maigida," haka take tsokanata, "in ƙarshenta kake so, bi Jatau ka tambaye shi. Ci gyaɗarka."

In an tashi, da gudu nake ratsa tsakar gida zuwa ɗakin babarmu, don kada in ji takun ƙafata.

Tsoron nan bai raba ni da doki ba. Da na gama sakandare a Kazaure na tafi wurin wani tsoho a Gwiwa mai horar da dawakin sukuwa. Shekara shida na yi a hannunsa. Na fara da kwashe kashi da yankan ciyawa, na koyi gyaran kofato, na koyi yadda ake ɗora wa duƙushi tsumma a baya kwana da kwanaki kafin a nuna masa sirdi. Dada ta rasu ina can. Daga baya na buɗe bargata a gefen Kazaure, ina horar da dawakin mutane, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina koya wa manya da yara hawa.

Wata shekara wani Alhaji ya sayo farin doki a Babura, hannun masu shigowa da su daga tsallaken iyaka. Kili muka sa masa. Alhaji ya ce sati uku ya ba ni, akwai sukuwar da yake so dokin ya shiga, in ba zan iya ba zai kwashe sauran dawakinsa da ke wurina ya kai wa wani. Kili matsoraci ne. Da ya hangi sirdi sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya kwantar da kunne, ya yi ta huci. Na san wata uku yake bukata.

A rana ta goma na sallami kowa, na rufe ƙofa. Na ɗaure kan Kili kurkusa da turke, na sa masa linzami mai kaifi. Ya kwantar da kunne, bulala. Ya yi huci, bulala. Kwana biyu muka yi a haka. Ba zan yi ƙarya ba, Jatau ya faɗo mini a rai, na kore shi, na ce tatsuniya ce ta yara. Kili ya yi shiru. Ya shiga sukuwa bai taɓuka komai ba, Alhaji ya huce haushinsa ya bar mini shi. Ni kuwa har murna na yi, na samu doki mai sanyi na ɗora masu koyo.

Cikin masu koyon akwai Malam Sabo, malamin firamare, ya kusa hamsin. Tun yana yaro yake sha'awar hawa, bai taɓa samun hali ba sai a lokacin. A zuwansa na uku na ɗora shi a kan Kili, muka fita wata 'yar hanya gefen duwatsu, ina biye a kan wani dokin. Iska ta ɗauko baƙar leda ta manna a ƙafar Kili ta gaba. Kowane doki kafin ya zabura yakan faɗa maka: kunne ya motsa, ya yi huci, jiki ya ɗaure, ka samu zarafin riƙe shi. Kili bai nuna komai ba. Yana tsaye, sai kawai na ga ya falla. Ƙafar Malam Sabo ta maƙale a likkafa, dokin ya ja shi, ƙugunsa ya daki dutse. Wata biyar ya yi a kwance. Yau da sanda yake tafiya, a kan kujera yake salla.

Kowa ya ce ƙaddara ce, doki ai dabba ne. Ni kaɗai na san abin da ya faru a bayan rufaffiyar ƙofa. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Dada labarin aljanu ce da alhakin saɓa alkawari. Sai a lokacin na gane abin da tsohuwar ke tambaya. Kwantar da kunne da huci da haniniya su ne bakin doki. Ni ban cire wa Kili tsoro ba, bakinsa na toshe, tsoron yana nan ciki yana jiran rana. Kuma da hannuna na ɗora bawan Allah a kai, na ce masa kada ya damu, wannan ko jariri zai hau.

Sai da aka shekara na iya zuwa gidan Malam Sabo. Muka zauna a zaure, na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. 

"Malam Idi," ya ce, "tun ina asibiti na yafe, ban ma san akwai abin yafewa ba. Yanzu da na sani, ka ba ni lokaci, sai na sake sabuwar yafiya."

Na ce, "Na gode, Malam. Ko ba ka yafe ba, ba ka yi laifi ba."

Na miƙe zan fita, sai ya ce, "Shi dokin fa? Ka je masa da maganar nan?"

Har yau ban san yadda ake neman gafarar doki ba. Yanzu duk wanda ya zo koyon hawa a wurina, satin farko ba ya taka likkafa. Zama yake yi ya kalli doki, har sai ya iya faɗa mini abin da kunnensa ke cewa. Wasu sukan gaji su tafi, ba na riƙe su. Kili kuwa ba wanda ya sake hawansa, kuma na ƙi sayar da shi. Shekara tara ke nan, kowace safiya ni nake kai masa dusa da kanwa da hannuna. In ajiye, in koma gefe in tsuguna, in jira. Yana tsaye, idonsa a bango. Ba ya sa baki sai ya ji na fita na ja ƙofa.