Turaren Bakin Gona

Shekara biyu na yi a wani dajin gwamnati can wajen Jos ina awon itacen fain, wanda ko a mafarki ba ya fitowa a ƙasarmu ta Kurfi. Mu auna kauri a gindi, mu auna a tsakiya, mu auna can sama, don a gane yadda jikin itace ke sirancewa gwargwadon girmansa. Da na dawo, 'yan gidanmu suka ce na je na koyo aikin banza. Abin ya ci mini rai, ni kuwa ban iya haɗiye raini ba.

Bayan damina sai rufin zaurenmu na garin Rawayau ya rufta, ana neman dogayen sanduna. Baffa, ƙanen mahaifina, ya ce a sare manyan itatuwan turare shida na bakin gona. Marigayi Baba ne ya dasa su da hannunsa, yana ɗauko musu ruwa a tulu.

Awon Baffa runguma ce. Ya rungumi itace daidai ƙirji, in hannuwa ba su haɗu ba, to ya isa.

Da muka je gonar na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, gindi kaɗai ka auna. Waɗannan a sarari suka tashi, gindi tirim, sama kuwa sai rassa da tsukewa. Matasan turaren can na tsakiyar fili da suka tashi a cunkushe, kaurinsu kusan ɗaya har sama."

Ya ce, "To, malamin itace, waɗancan 'yan tsiraran ne za su ɗauki ƙasar rufi?"

Na zaɓi ɗaya daga cikinsu, na auna gindinsa, na yi lissafi, na yanko igiya na miƙa masa. "In an kayar, a ƙirga kamu goma daga gindi a zagaya wannan. In bai cika ta ba, na yi shiru." Ni kaina ban tabbata ba, don turare ba fain ba ne.

Mai gatarin da muka zo da shi ya kayar. Baffa ya durƙusa da kansa ya zagaya igiyar. Itacen ya cika ta, bakinta biyu saura ɗan yatsa su haɗu. Ya sake, ya kuma sakewa. Ni dai kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Bai yaba mini ba, ba halinsa ba ne. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya dubi itatuwan bakin gona ya daɗe, sannan ya ce wa mai gatari, "Shiga tsakiya ka sara. Ka bar wa Yaya nasa."