Ni da jitata zuwa Doguwa

Bebeji

"Wallahi ba za ta hau bayan mota ba," na ce wa direban fijo. Ya ce to in sauka in goya ta.

Muna gefen titi, akori-kurar da ta ɗauko ƙungiyarmu daga Kano tun asuba tana ta aman hayaƙi. Mai ganga, mai waƙa da mai ƙaramar jita duk suna can suna tura ta. Ni kuma na tare fijo, saboda na yi wa abokina Sale alkawari zan yi masa kiɗan bikinsa a Doguwa, shi kuma ya riga ya cika surukansa da labarin 'yan kiɗan birni.

Wannan a shekarun casa'in ne, ina saurayi. Jitar tawa bes ce, mai tsirkiya huɗu masu kauri. Wani mutum ne a Jamus ya sassaƙa ta da hannunsa, katakon har ɗaukar ido yake. Babur ɗina na sayar na saye ta a hannun wani ɗan Ghana a Sabon Gari. A ɗakina ita ke kwana kan katifa, ni a ƙasa, don kar siminti ya taɓa ta.

Ƙarshe dai akwatin sifika ya shiga but, ita ta hau cinyata, wuyanta na leƙen taga. Na ce wa sauran su biyo ni.

Kwanar Dangora

Ɗan sanda ya ga doguwar jaka baƙa ya ja da baya.

"Mene ne wannan?"

"Jita ce, ranka ya daɗe."

"Kaɗa mu ji."

Na kaɗa. Bes in babu lantarki, ƙararta ba ta wuce ta sauro ba. Ya kasa kunne, ya dubi direba.

"An cuci yaron nan. Ku wuce."

Tudun Wada

Nan muka ci gurasa da tsire, na yi ta kallon hanya har azahar. Wani direban tifa ya ce ya ga 'yan uwana, an sauke injin motar gaba ɗaya, mai gangarmu na barci a ƙarƙashin mangwaro. Na so in juya. Sai na tuna fuskar Sale. Muka ratsa dajin Falgore ina rungume da ita kamar mai jego.

Doguwa

Da la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan amarya, an tayar da janareta. Sale ya tare ni cikin babbar riga.

"Ina sauran?"

"Suna hanya."

"Wace hanyar?"

Na jona waya, na rufe ido, na saki hannu. Kiɗan da na fi iyawa na yi, wanda ake tafa min a Kano. Da na buɗe ido kowa na zaune shiru. Kawun amarya, wani dattijo mai jar hula, ya matso da ladabi.

"Ɗan nan, in ka gama gwada ta, sai ka fara. Mutane na jira."

Sale ya soma goge gumi da hannun riga. Wani a baya ya ce, "Ango, wannan ce badujalar taka?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Sai ga aike daga cikin gida. Inna Talatu, shugabar masu kiɗan ƙwarya, ta tsaya daga zaure tana magana ta bayan asabari.

"Kai mai gurnani. Babbar ƙwaryarmu ta tsage tun safe, kiɗanmu ba gindi. Abin nan naka zai iya riƙe mana?"

Na ce zai iya. Na miƙe da jita zan shiga.

"Ina za ka? Gidan matan aure ne. Akwatin za a shigo da shi, kai ka tsaya inda kake."

Haka aka yi. Aka ɗaga sifika aka kai tsakar gida, aka jefo waya ta saman katanga. Ni na zauna a lungu bayan gida kan turmi, daga ni sai akuya ɗaya. Suna bugawa ina bi, Inna Talatu na yi min tsawa ta katanga: "Sassauta, ba tseren doki muke ba." Can sai muka haɗu. Jama'a, ban taɓa jin jitar nan ta yi daɗi haka ba. Guɗa ta tashi, mazan waje suka dawo jikin katanga, har kawun nan mai jar hula yana gyaɗa kai. Sale ya zagayo ya rungume ni, ya koma a guje.

Da magariba aka fito min da sifikar. An ɗaura mata kallabi, an ɗora mata goro da alkaki. Har waƙa suka yi mata, wai akwatin Kano mai muryar bijimi. Katakon Jamus kuwa, akuyar ce kawai ta kalle shi.

Washegari na iso gida lafiya, alhamdulillahi, na tarar da sauran sun riga ni. Na gode wa direban fijo da Inna Talatu. Har yau mai gangarmu cewa yake ban taɓa wasa a Doguwa ba, sifikata ce ta je biki na raka ta. Ku masu karatu, ku raba mu: wa ya yi wasan nan, ni ko akwatin?