Takaba a Kirkissoye da Ordinatar a Cinya

Lokacin da mijina ya rasu ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Yantala. Abin da muke sayarwa yana da wuyar bayani, mahaifiyata a Damagaram har yau ce wa mutane take yi gyaran ordinatar, wato kwamfuta, nake yi, ni kuma na gaji da gyara mata. Masu rubuta kod, wato umarnin da ake ba na'ura, su muke ba wurin aiki. Mutum zai shiga ta intanet ya tarar da kayan aikinsa duka a shirye a kan wata babbar na'ura can nesa, serbar ke nan, ordinatar da ke gabansa kuwa ta leƙawa ce kawai. Wannan wurin aiki na kowane mutum atelye muke ce masa.

Patron ɗinmu, mai kamfanin, mutumin Maradi ne, mai tsabta da yawan magana. Dokarsa guda ce, kuma yana alfahari da ita gaban duk baƙon da ya shigo: ba za mu sayar wa mutane abin da mu ba mu aiki da shi ba. Kowane ma'aikaci cikin atelye zai rubuta kod ɗinsa, ba a kan tasa na'urar ba. Ni ma na yarda da dokar, har yau na yarda. Sai dai mu a biro, wato ofis, muke amfani da shi, inda rezon intanet ke gudu, in kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, gurup, injin wutarmu, ya tashi kafin ka ce wash. A wurin kam abinmu ba shi da aibi ko ɗaya.

Da aka yi rasuwar aka share makoki, na shiga takaba a gidanmu na Kirkissoye, ƙetaren kogi. Watannin nan ba fita zan yi ba, kuma konje, wato hutun da kamfani ke bayarwa, bai kai ko kusa ba. Ga yara, ga haya, albashina ne kaɗai ya rage a gidan. Na kira patron na ce zan ci gaba daga gida. Ya ji daɗi sosai, ya ce ai don irin wannan aka yi atelye. Ina jin har a ransa ya fara shirya yadda zai ba kiliyan, masu sayen hajarmu, labarin.

Yayar mijina ce ta taso daga Bobiel ta zauna da ni. Haifaffiyar Yamai ce, Zabarmanci ne harshenta, Hausarta ta kasuwa ce, mai kaifi ba kwana-kwana. Yaya nake ce mata. Ba ta hana ni aiki ba, ta san abin da ke ciyar da ƴaƴan ƙanenta. Sharaɗi guda ta gindaya mini, cewa duk wanda ya yi sallama don gaisuwa, in ture na'urar gefe in zauna da shi har ya tashi. Ba za a ƙetaro kadarko cikin rana a zo yi mini ta'aziyya ina kallon gilashin ordinatar ba. Gaskiya ta faɗa, ban yi musu ba.

To fa, a nan abin ya ɓaci. Atelyenmu yana da wata ɗabi'a. In aka bar shi ɗan lokaci ba a taɓa ba, sai ya kashe kansa don kada serbar ta yi ta aikin banza, duk gwajin kod da ka bari yana tafiya kuma ya mutu tare da shi. Samarin da ke kula da serbar su suka yanke tsawon lokacin, kuma da tafiyarsu masallaci suka auna, su yi alwala su yi azahar su dawo. Gaisuwar mutuwa kuwa ba a yin ta a tsaye. Mace za ta shigo ta ce fonda tilas, ta'aziyyar Zabarmanci, ko ta ce ya haƙuri, a kawo mata ruwa, a yi addu'a, Yaya ta faro labarin jinyar tun daga ranar da marigayin ya ce kansa na ciwo. Kafin wannan ta ɗauki takalminta wata ta yi sallama. Mijina malamin lakkol ne, wato makarantar boko, rabin unguwa ya koyar da ƴaƴansu, mutane kuwa suka yi ta zuwa, Allah ya saka musu da alheri.

In na koma kan aikin sai in tarar atelye ya kwanta. A biro tashinsa ba komai ba ne. A Kirkissoye, da rezon wayata da nake jonawa, sai in danna in zauna ina kallon wata ƴar da'ira tana juyawa, tana juyawa, wani lokaci har kuran ya tafi bai gama ba. In ya tashi in sake gwajin daga farko, in fara gane inda matsalar take, sai in ji sallama a bakin ƙofa. Wallahi akwai ranar da na ji sallamar wata tsohuwa mai ƙaunar mijina, zuciyata ta ce kash. Na tsani kaina a ranar, na kuma tsani na'urar da ta sa ni haka.

Na kira babban mai kula da serbar, wani ɗan Tawa mai sanyin murya, na yi masa bayani. Ya ce shi dai a wurinsa komai na tafiya lafiya lau. Na ce ai na san yana tafiya a wurinsa, a wurina nake magana. Ya ce lokacin ɗaya ne ga kowa har da kiliyan, ba za a canza don mutum guda ba, amma zai duba. Na san irin wannan dubawa, ni ma na sha ce wa kiliyan zan duba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne patron yana da allon da ke nuna masa atelyen wa ke a kunne, na wa ke a kashe. Nawa kusan kullum a kashe. Sashen da aka ba ni ya makara, kiliyan ya fara ƙorafi. Sai ga waya, patron ya ce zai zo ya ƙara gaishe ni, kuma akwai ƴar magana. Na san maganar. Za a ba wani aikina, a ce in huta har in gama takaba, hutun da ba albashi a cikinsa, kuma kujerar da wani ya zauna ba a cika tashinsa ba.

Suka zo bayan la'asar, shi da ɗan Tawan. Na ɗan kunna wani gwaji ke nan na ji sallamarsu, na ture na'urar bayan matashi, na ja mayafina. Yaya ta shimfiɗa musu tabarma a bakin ɗaki, ta kawo ruwa. Aka yi addu'a. Patron ya gyara murya zai fara, sai ga wasu mata maƙwabtan Yaya daga Bobiel. Aka sake addu'a, Yaya ta faro labarin jinya. Ina ganinsa ta gefen mayafi yana duba agogo yana mayar da hannu, don shi ma ɗan gida ne, ya san ba a katse irin wannan zama.

Da matan suka tafi ya ce, cikin ladabi kam, ya lura atelyena ba ya cika zama a kunne, ya fahimci halin da nake ciki, shi ya sa yake tunanin a sauƙaƙa mini.

Na jawo na'urar na juya ta wajensa. Na ce, "Patron, lokacin da kuka yi sallama yana aiki. Zamanku ne ya kashe shi."

Na danna tashi. Da'irar ta fara juyawa. Ɗan Tawan ya miƙa hannu zai karɓa, Yaya ta ce da shi a'a, su bari su gani, ita kullum tana gani. Muka zauna mu huɗu muna kallo. Yara suka shigo suka fita. Aka kira magariba a masallacin unguwa bai gama tashi ba. Patron ya miƙe ya ce Allah ya jiƙan malam, ya ƙara mana haƙuri, suka tafi salla. Ƴar maganar bai ƙarasa ta ba, daga baya ma bai sake tada ta ba.

Aikina ya tsira. Gyaran dai bai zo da wuri ba, sai da suka yi ta taro a kansa, don ashe akwai kiliyan da suka daɗe suna kukan abu ɗaya ana ce musu za a duba. Daga ƙarshe suka sa wani ɗan maɓalli, in ka danna shi atelye zai jira ka komai daɗewarka. Ɗan Tawan ya kira ni da kansa yana murna, ya ce in gwada in gaya masa.

Ban samu gwadawa ba. Kafin gyaran ya iso, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kowa ya koma harkarsa, haka duniya take kuma ban ga laifin kowa ba. Yaya ma ta fara komawa Bobiel da rana tana dawowa da yamma. Ranar da aka saka maɓallin na zauna tun safe, yara suna lakkol, na yi aiki har azahar, na yi salla na dawo na ci gaba har la'asar. Atelye bai kwanta ko sau ɗaya ba, don ban tashi daga kansa ba. Na gama sashen da ya makara, na tura. Sai na lura tun safe kunnena na bakin ƙofa, kuma ba wanda ya yi sallama, ba wanda ya ambaci sunan mijina a gidan duk yinin. Na rufe na'urar na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar da aka fita da shi.