Gonakin Babana Uku

Tun kafin a ji labarin Nasara a ƙasarmu ta Kebbe, babana bai taɓa zuba irinsa wuri ɗaya ba. Gero a tudu, shi ake binnewa kafin ruwa ya sauka. Maiwa a jigawar da ke hanyar Fakku. Dawa kaɗan a fadama, bakin gulbi. Sauran iri kuma a tukunya, a liƙe bakinta da laka, ko ruwan fari ya yaudari mutane.

Ni dai na tsani tsarin nan. Kai, wahala! Yini ake yi ana zirga-zirga tsakanin gonaki, ga shi ba mu taɓa cika rumbu har ya tumbatsa ba. Idan masu karɓar zakka sun zo daga Tambuwal, ba sa daɗewa a ƙofarmu.

Baffana, ƙanen babana, ya gaji ya fita daga gandu. Ya karɓi rabonsa ya zuba duka a fadama. Damina ta yi ta yi masa kyau, har ya ƙara rumbu, ya sayi bijimin sa.

"Yaya, noman tsoro kaka yi," in ji shi.

Babana ya ce, "Ban san ruwan bana ba. Kai ka sani?"

"Allah ya sani."

"To, shi dai."

A raina bayan Baffa nake, ba na ɓoyewa.

Sai shekarar da gulbi ya cika ya kwanta a fadama, dawa ta ruɓe a tsaye. Tamu ma ta tafi, amma gero da maiwa sun yi. Baffa ko zangarniya bai cire ba, ga mata ga 'ya'ya.

Babana ya ware dammunan da za su ishi gidan Baffa har wata kakar, ya aika a ce ya zo ya ɗauka. Ashe duk shekarun nan da bakunansu yake auna shukarsa. Baffa ya aiko cewa ya gode, yana tafe.

Bai zo ba. Kunya ta hana shi. Ya sayar da san, ya kwashi iyalinsa suka yi kudu, wajen Yawuri, ba sallama. Babana ya hana a taɓa dammunan har bazara ta ƙare, sannan ya ce a sussuke.

Mu muka ci geron. Ban ƙara ganin Baffa ba.