Abin da Ya Sa Maharazu Ya Rufe Ƙofar Gareji

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Asabar, 18 ga Oktoba, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanena, Maharazu Sani Ɗambatta, a garejinsa da ke unguwar Thamesmead a London. Matarsa Khadijatu ce ta sauko ta kira shi cin abinci, ta tarar da ƙofa a rufe, injin mota na aiki, shi kuma yana kwance a gefen taya. Likitoci sun ce hayaƙin motar ne ya yi ajalinsa.

Maharazu, ni Yayarka ban taɓa son motar nan ba, kuma ban ɓoye maka ba. Ranar da aka kawo ta daga Amurka, wata Dodge Charger ƙirar 1969, duk tsatsa, ɓeraye sun gama da kujerunta, na ce maka ko 'yan gwangwan ba za su ɗauka ba. Ka yi dariya, ka buɗe ƙofa ka ce, "Yaya, dubi sitiyarin. A hagu yake, irin na motar Baba." Daga nan na gane ba ƙarfe ka sayo ba, kewar gida ce.

Shekaru ka yi kana tashinta. Aikinka daidaita sauti ne a gidan rediyo, kuma da wannan kunnen kake gyaran inji. Sai ka tayar da ita, ka sunkuya kana saurare, ka ɗan murɗa kafireto, ka sake saurare. Da ta kammala, ka yi mata fenti ruwan toka, ta zama motar amaren Hausawan London. Daga Deptford har Dagenham, duk wanda zai aurar da 'ya sai ya neme ka, ka sa babbar riga ka yi direba, ladanka kuwa alkaki ne. Ɗalibai nawa ka kwanta ƙarƙashin motocinsu cikin sanyi? Ni kaina na yi ta maka faɗa cewa mutane na hawa kanka, kana cewa, "Yaya, ke dai kin cika zargi."

To, na cika zargi, kuma yau zargin nan ne ya sa ni rubutu.

Tun kafin a yi sadakar uku na fara jin raɗe-raɗi. A ɗakin zaman makoki ina shiga sai a yi shiru. A waya ana cewa, "Ƙofa fa a rufe aka same ta." Wasu na ƙarawa, "Har da kafet aka toshe ƙasanta." Ba wanda ya fito ya faɗi abin da yake nufi, amma kowa ya gane: wai kai ka kashe kanka. Mutanen da ka kai wa 'ya'ya ɗakin miji ne suke girgiza kai suna cewa Allah Ya kyauta.

Bari in faɗa musu abin da na sani. A farkon bazara wani ma'aikacin council, wato ƙaramar hukuma, ya zo ya ce wani maƙwabci ya kai ƙararka saboda rugugin injin. Bai faɗi suna ba. Abin ya dame ka ƙwarai, don kai mutum ne mai tsoron haƙƙin maƙwabtaka. Ka ɗauki kilishi ka bi flat-flat kana ba da haƙuri, kowa na cewa, "Haba, ba ni ba ne." Tun daga ranar ka fara jan ƙofa idan za ka tayar da inji, kana barin 'yar kafa ta iska. Kafet ɗin kuwa tsohon kafet ɗin falona ne. Ka zo ka karɓa tun watan Yuni, ka ce za ka rataya a jikin ƙofa ya rage ƙara. Da na san abin da zai biyo baya, da na ƙona shi a gabanka.

An same ka bonet a buɗe, sifana a hannunka, shayinka ko rabi ba ka sha ba. Asabar ɗin da ke biye da rasuwarka za ka kai amarya, ka riga ka kai babbar rigarka wanki. Hukuma ba ta gama bincikenta ba, na sani, amma ni na goya ka, na san wanda na goya.

Ranar bakwai Malam Is'haq, wanda tagarsa ke kallon garejinka, ya zo yi mana gaisuwa. Shi ne aka fara jin maganar kafet a bakinsa, na bi diddigi na tabbatar. Ya zauna yana jan carbi. Ban tambaye shi komai ba, ido kawai na zuba masa. Can sai ya ce, "Hajiya, ni dai ban taɓa cewa ya rufe ƙofa ba." Na ce, "Malam, wa ya ce ka ce?" Ya miƙe yana neman takalmansa. Ba ni da shaida a kan wanda ya yi reporting ɗinka, kuma ba zan rantse ba. Amma na lura cewa in aka yarda kai ka zaɓi mutuwa, to ba wanda zai ƙara tambayar abin da ya sa ka rufe ƙofar. Wannan zai yi wa wani daɗi.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma maganar ta kai makarantar Islamiyya, ta shiga kunnen 'yarka Amal. Jiya da hantsi ta same ni a kicin. Yarinyar da kullum da Turanci take amsa mana, sai ta harhaɗa Hausarta don ta tabbatar na fahimta, ta ce, "Gwaggo, Baba ya bar mu da gangan ne?"

Amal, na amsa miki jiya ina kuka, yau ina amsa miki a gaban kowa. A'a. Mahaifinki bai guje ku ba. Ya rufe ƙofa ne don kada ya dami wani, kuma wanda ya gaya miki saɓanin haka ya zo ya faɗa a gabana.

Ya Allah, Ka jiƙan Maharazu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Khadijatu da Amal da dukkan danginmu na Ɗambatta haƙurin wannan rashi. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Kuma Ya Allah, Kai da Ka ga abin da ya faru a cikin garejin nan, Ka wanke sunan bawanKa a zuciyar 'yarsa.

Yayarka,
Dela Sani Ɗambatta