Ragon da Baba yake ba manema aurenmu

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da muka rasa Baba, Malam Ɗanjuma dillalin shanu na Zongo, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa jin kewarsa kamar wannan watan ba, domin 'yata Rabi ta kawo mini wanda take so ta aura, ni kuwa hankalina bai kwanta da yaron ba.

Baba ba ya tambayar manemin 'yarsa asali ko sana'a. Sai ya kai shi kara, ya zaɓo rago mafi taurin kai, ya miƙa masa igiya ya ce ya kai wa gwaggonmu a unguwar Gbégamey. Ya kan ce wanda ya doki ragon da ba nasa ba, me kake tsammani zai yi wa matar da ta zama tasa? Manema biyu na yayata a nan suka faɗi, ɗaya ma har da zagin uwar ragon.

Nawa manemin, Sani, ya zo ne a shekarun da baki ya buɗe a ƙasar nan, kowa yana maganar zaɓe har masu shayi. Sani bai doki rago ba. Da ragon ya turje, sai ya tare mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ɗaure masa shi a baya, shi kuma ya wuce hirarsa. Baba ya yi dariya har da hawaye, sannan ya kira ni ɗaki. Ya ce, "Hadiza, wannan ba zai taɓa ɗaga miki hannu ba. Amma ranar da zama ya yi tauri, ba zai tsaya a ja tare ba." Na ce shi nake so. Ya ce, "To, yanzu ko shugaban ƙasa ba a ɗora wa mutane dole, balle miji." Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba.

Hali zanen dutse. Sani bai taɓa zagina ba, wallahi, sai dai duk ranar da ciwo ko rashi ya shigo gida, shi sai tafiya ta taso masa. Rabi na goye ya tafi Lome neman kasuwa, saki ya biyo baya. Na koma gida ina jiran "ai na faɗa miki". Baba ya karɓi Rabi daga bayana, ya ce a zubo mini tuwo. Har ya koma ga Allah ban ji kalmar nan a bakinsa ba, kuma na daɗe ina ɗauka sanyin hali ne kawai irin nasa.

Da yana raye, ban san me zai ce da soyayyar yau ba, wadda ake ƙulla ta a waya, a warware ta a waya. Ina jin zai ce waya ba ta turjewa, shi ya sa kowa ke da ladabi a cikinta. Manemin Rabi yana aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Fidjrossè, ga tsafta, ga gaisuwa har ƙasa. Amma ina bakin taga ranar da ya zo, na ji tsawar da ya daka wa dattijon da ya ɗauko shi a babur, don kawai ruwan kwata ya taɓa masa takalmi.

Na zaunar da Rabi na faɗa mata abin da na gani, sau ɗaya, ban rage komai ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji, Inna, amma shi nake so."

Baba bai bar mana gida mai bene ba, ya bar mana sanin cewa uba yana faɗin gaskiya, sannan ya bar ƙofa a buɗe. An sa ranar Rabi bayan babbar Sallah. Jiya muka je kasuwa tare zaɓen atamfar biki, tana ta murna tana ɗora mini zannuwa a kafaɗa, maganar yaron tana tasowa har maƙogwarona ina haɗiyewa. Allah sarki Baba. Sai jiya na san abin da shirun nan ya ci maka.