Sallamar da Kawu Yake Bi

Ko yau na wuce ta Wunti na ji ƙaurin dalma daga rumfar masu gyara, sai zuciyata ta koma shekarar da aka mai da Bauchi babban birnin jiha. A shekarar ne Kawu ya ɗaura doguwar waya daga dogonyaron gidanmu na Ƙofar Ran zuwa kan soro, ya girka rediyonsa a ɗakin zaure. Ba irin wanda ake sauraron labarai ba ne. Wannan kai ma kana iya aika magana, wani ya amsa maka daga wata duniya.

Hanya biyu ce a lokacin. Ko ka yi magana da baki, ko ka ƙwanƙwasa wani ɗan ƙarfe da yatsa, gajeren sauti da dogo, su zama haruffa. Kawu ɗan ƙwanƙwasa ne. Yakan ce kowa da hannunsa, yadda nake gane rubutun malaminmu a allo tun daga nesa.

Yana da aboki, Kirista daga kudancin jihar, wanda muke kira Baba mai tabarau. Tare suka yi aiki a gidan waya. Shi murya ya fi so, kuma in ya ƙwanƙwasa sai ya ja sautin ƙarshe kamar mai ɗingishi. Bayan la'asar sukan haɗu a iska ta rediyo, ko da yake tafiyar ƙafa ce tsakaninsu.

"Malam, har yanzu kana nan kamar kaza a kan faifai?" in ji Baba.

"Surutu ai ko aku ya iya," in ji Kawu.

A al'adarsu, hira ba ta cika sai kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa yadda yake jinsa, sannan a yi sallama. Wata shekara da gari ya rikice, ina saurayi, suna cikin hira Baba ya ce, "Malam, dakata, ina zuwa." Bai dawo ba. Daga baya muka ji ya kwashe iyalinsa sun bar garin lafiya, amma ba wanda ya san inda suka sauka.

Kawu bai taɓa zaginsa ba. Cewa kawai yake, "Ina bin mutumin nan sallama." Damina da rani, da ya idar da la'asar sai ya kira shi a rediyo.

Da tsufa ya zo, ciwon maƙogwaro ya ɗauke masa murya ƙaf. Ɗansa ya kawo masa kwamfuta mai haɗa hira da kanta, har da ƙasashen da bai taɓa samu ba. Ya gwada, ya ture ta. Ya rubuta mini da ajami a bayan ambulan: babu hannun kowa a ciki.

Wata Juma'a da yamma, hadari na haɗuwa, na kai masa kunu. Cikin shuuu ɗin rediyon sai ga wani siririn sauti, yana jan ƙarshe kamar mai ɗingishi. Kofin ya suɓuce daga hannun Kawu. Ashe Baba ne, kunnensa ya yi nauyi, murya ba ta shiga, sai wannan ƙaran da ya daɗe yana yi wa dariya.

Ba su jima ba. Kawu yana rubuta mini abin da ke zuwa, hawaye na ɗiga a takardar: "Ga ni na dawo, Malam. Ina jin ka sarai. Ka yafe." Kawu ya mayar masa, suka yi sallama yadda ake yi. Ya kashe rediyon da kansa.

Kafin kaka Allah Ya karɓi ran Kawu. Allah Ya jiƙansa.

Yau an sare dogonyaron, an yi shago a wurin. Jikokina suna magana da Makka ta wayar hannu, su katse ba ko sai anjima. Ni kuwa ba na ajiye waya sai na ji an amsa mini sallama.